Mai makaranta ya ce in fara koyarwa ta intanet: daga ina zan kama?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Agege. Ina koyar da lissafi a aji biyar da aji shida na firamare, da yamma kuma ina riƙe da aji ɗaya a islamiyya. Mai makarantarmu ya ce daga zangon nan kowane malami ya fara ba da darasi ta intanet, wai wasu makarantun unguwa sun fara, iyaye kuma suna tambaya. Ni dai waya ɗaya gare ni, ba ni da kwamfuta, iyayen yaran kuma yawancinsu 'yan kasuwa ne da masu aikin ƙarfi. Wace manhaja zan sauke? A ina zan samu kayan koyarwa masu kyau waɗanda ba sai na biya ba? Ina tsoron in ɗauko abin da zai fi ƙarfina."

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. In na fahimce ki, abu biyu kike nema: hanyar da darasi zai bi ya isa wurin yaro yana gida, da kuma inda za ki samo abin da za ki koyar. Zan amsa duka biyun. Amma ki yi mini haƙuri in fara da wata tambaya da ba ki yi ba, domin a shekarun da na yi ina koyarwa a Legas, da waɗanda na yi daga baya ina zagayawa ƙananan makarantun mutanenmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 ina zama da malamai, ita ce na ga tana yanke hukunci a kan komai. Wayar da yaro zai karɓi darasin da ita, ta wace ce, kuma ƙarfe nawa take kwana a gida?

Abin da 2020 ta koya mini

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ni ma na yi abin da kowa ya yi. Na buɗe Zoom, na sanya darasi ƙarfe goma na safe, na tura wa iyaye saƙo, na zauna da allo da alli ina jira. A aji mai yara sama da talatin, waɗanda suke shigowa ba su taɓa cika goma ba, su ma rabinsu sabis yana yanke su kafin a kai tsakiyar darasi. Na ji haushi ƙwarai, har na fara cewa a raina iyaye ba su damu ba. Da aka sassauta dokar zaman gida sai na je gidan wata yarinya da na san tana da ƙoƙari, amma ko sau ɗaya ban gan ta ba. Ɗaki ɗaya suke ciki da iyayenta da ƙannenta. Mahaifiyar ta miƙo mini wayarta in gani, ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure bayanta da roba. Babbar waya ɗaya ce a gidan, ta maigida, shi kuma tun kafin asuba yake fita zuwa kasuwar Mile 12 inda yake sayar da tumatir da tattasai, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ƙarfe goma na safe, lokacin da nake jiran yarinyar a Zoom, wayar tana aljihun babanta yana ciniki da ita. Yarinyar ta ɗauko littafinta ta nuna mini: duk abin da wata ƙawarta ta gaya mata an yi, ta rubuta shi da fensir, da kurakurai a ciki, ba wanda ya duba mata.

Tun daga ranar na daina tambayar malamai wace manhaja suke so. Sai in ce su ɗauki takarda, su bi yaran aji ɗaya bayan ɗaya, su rubuta abu uku a gaban sunan kowa: akwai babbar waya a gida ko babu, wa ke riƙe da ita, yaushe yaron ke iya taɓa ta. Ki yi wannan a makon farko, kafin ki sauke komai. Kada ki tambaye su a gaban juna, don yaron da babu waya a gidansu zai ce akwai saboda kunya. Ki kira su ɗaya ɗaya lokacin tara, ko ki tambayi iyaye mata in sun zo ɗaukar yara. Abin da za ki gani a takardar nan shi zai gaya miki irin koyarwar da za ta yiwu a ajinki, kuma ina kyautata zaton zai yi kama da abin da na sha gani: kaɗan ne ke da waya a hannu da rana, da yawa sai dare ko ranar Lahadi, wasu kuma babu gaba ɗaya.

Darasin kai tsaye da darasin ajiya

Koyarwa ta intanet iri biyu ce. Akwai wadda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda ana ganin juna, kamar a Zoom ko Google Meet. Akwai kuma wadda malami ke shirya darasi ya ajiye, ɗalibi ya buɗe lokacin da ya samu dama. Masu makarantu sun fi son ta farko don ita ce ke burge ido, amma ita ce ta fi tsada kuma ta fi saurin karyewa. Kiran bidiyo na awa ɗaya yana iya cinye fiye da rabin giga na data, a wurinki da kuma a wurin kowane yaro. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, magidancin da ke da 'ya'ya uku a makaranta ba zai jure wannan ba ko da yana so. Zoom na kyauta kuma yana yanke taro bayan minti 40. Ga wuta: in an ɗauke ta kwana biyu a layinku, wayar da ke da sauran caji kaɗan ba za a ba yaro ya ƙarar da ita a kallon malama ba. Darasin da aka ajiye shi ba ruwansa da duk wannan. Yana nan yana jiran wayar ta dawo gida.

Saboda haka amsata ga tambayarki ta farko ita ce kada ki sauke sabuwar manhaja tukuna. WhatsApp da ke wayarki ya isa, don shi ne kaɗai abin da kusan duk iyayen suka riga suka iya, ba sai kin koya musu buɗe adireshin imel ko tuna lambar sirri ba. Google Classroom abu ne mai kyau, yana tsara aikin gida da maki tsaf, amma yana buƙatar kowane ɗalibi ya shiga da asusun Google, kuma yaron da bai kai shekara 13 ba ba ya buɗe nasa shi kaɗai. Ya fi dacewa da 'yan babbar sakandare. Telegram ya fi WhatsApp iya riƙe manyan fayiloli, kuma wanda ya shigo daga baya yana iya ganin tsofaffin darussa, sai dai iyaye ƙalilan ne ke da shi.

Ki buɗe zaure ɗaya na aji a WhatsApp, ki saita shi yadda ke kaɗai ce ke iya tura saƙo. In kika bar shi a buɗe, kafin mako ya zagayo darasinki zai nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallar atamfa da sanarwar biki. Aikin yara kuwa su turo miki kai tsaye, ba cikin zauren ba. Ina kuma roƙonki ki nemi makaranta ta saya miki layi na daban don wannan aiki. Ke mace ce, lambarki za ta shiga hannun magidanta da samarin gida da ba ki sani ba, kuma akwai masu kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Layin aiki ana iya kashe shi, a kuma sanar tun farko cewa malama tana duba saƙo daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza.

Yadda nake haɗa darasi ɗaya

A nan zan ɗan daɗe, don a nan aikin yake. Darasi ɗaya a wurina abu uku ne: ɗan gajeren bayani, tambayoyi kaɗan, sai gyara. Bayanin kada ya wuce minti uku zuwa biyar, kuma ya tsaya a kan abu guda. In kina son koyar da tara rabi da rubu'i, to shi kaɗai za ki koyar, ragewa ta jira gobe.

Ba kya buƙatar nuna fuskarki, ba kya buƙatar sayen ƙafar ɗora waya. Ni ga yadda nake yi. Ina tara littattafai a kan tebur su kai tsayin kamu ɗaya da rabi, in kwantar da wayar a kansu yadda idon kyamara ya leƙo ƙasa, in danne ɗaya gefen da wani littafi mai nauyi kada ta faɗi. A ƙarƙashi in shimfiɗa farar takarda, in ɗauki baƙin alƙalami mai kauri, don biro ba ya fitowa sosai a ƙaramin gilashi. Abin da yaro zai gani hannuna ne yana rubutu, abin da zai ji muryata ce. Tebur kusa da taga, bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye, kafin janaretocin maƙwabta su tashi, kafin 'yan danfo su fara kiran Oshodi. In na yi kuskure a tsakiya ba na sake ɗauka, sai in ce "a'a, ku duba, na yi kuskure a nan," in soke in gyara. Yara suna koyon abu mai yawa daga ganin yadda ake gano kuskure.

Misalan kuma ki ɗauko su daga abin da yaran ke gani. Yaron da ke taya uwarsa awo ya san rabin mudu, ya san in an haɗa rabi da rabi mudu ya cika, tun kafin ya ga an rubuta ɗaya bisa biyu. Ki zana kwandon tumatir, ki raba shi huɗu, ki ce an sayar da rubu'i da safe, an sayar da rabi da rana, me ya rage? Bidiyon da aka yi a Amurka zai kawo masa misali da abincin da bai taɓa ci ba da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, sai ya zama yana fama da misalin kafin ya kai ga lissafin.

Batun harshe ma yana nan. Yaranmu na Legas suna tashi da Hausa a gida, da Yarabanci da buroka a layi, da Turanci a aji. Wasu ba su ƙware a ko ɗaya ba ta fuskar karatu. Abin da na ga yana aiki shi ne a yi bayanin da Hausa, amma sunan kowane abu a faɗe shi kuma a rubuta shi da Turanci kamar yadda zai zo a jarrabawa, tambayoyin ma a rubuta su da Turanci. Akwai riba ta biyu a nan wadda ban yi tsammaninta ba da farko: uwa da ba ta yi boko ba, in ta ji bayani da Hausa, tana zama ta saurara tare da ɗanta, har ta ce masa "ba haka malama ta ce ba, sake ji." In akwai yaran da ba Hausawa ba a ajinki, kuma a Agege da wuya a rasa, to ki yi bayanin da Turanci mai sauƙi, ki bi shi da saƙon murya na minti ɗaya da Hausa. In za ki yi rubutu da Hausa, ki shiga saitin Gboard ki ƙara Hausa, za ki samu ƙ da ɗ da ɓ a hannu. Yaron da ke koyon karatu bai kamata ya ga an rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya ba.

Ba kullum ma sai bidiyo ba. Hoton takarda ɗaya mai tsabta da saƙon murya a ƙarƙashinsa yakan wadatar, kuma saƙon murya na minti biyar bai kai mega ɗaya ba. Ki ajiye bidiyo don abin da sai an ga hannu yana yi, kamar doguwar rabawa ko auna kusurwa.

Sai tambayoyi: biyar sun isa. Yaro ya yi a littafinsa, a ɗauki hoto a turo. Daga nan ne ake gane ko koyarwa ake yi ko tura saƙo kawai. Na ga makarantu da yawa da ke alfahari da cewa kullum suna tura darasi, amma in ka tambayi yara nawa suka dawo da aiki, sai a yi shiru. Alamar nan mai launin shuɗi ta WhatsApp tana nuna an buɗe saƙo ne kawai, wataƙila ma uban ne ya buɗe a cikin mota. Ki duba hoton, ki yi amfani da alƙalamin da ke cikin WhatsApp ki zagaye inda aka yi kuskure, ki mayar da shi da murya ta daƙiƙa ashirin: "Sannu da ƙoƙari, na ɗaya zuwa na uku daidai ne, a na huɗu kin tara na ƙasa, sake kallon wurin da na zana kwando." Ki ambaci sunan yaron. Wannan daƙiƙa ashirin ta fi bidiyon kansa amfani. In yaran sun yi yawa, ki duba kuskuren da ya fi maimaituwa, ki yi masa bayani ɗaya ga kowa, gobe kuma ki fara ajin ido da ido da shi.

Don haka ne nake cewa darasi biyu a mako ya ishe ki. Malamar da ke koyarwa safe da yamma, ga gosulo, ga girki, ga nata 'ya'yan, in ta ce kullum za ta yi, mako uku za ta gaji ta bari. Daidai ruwa daidai tsaki.

Inda ake samun kaya

Mu dawo tambayarki ta biyu. Ki fara da abin da aka gina a kan manhajar karatun Najeriya. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Kyauta ne, an tsara shi aji aji daga firamare zuwa sakandare, akwai darussa da Turanci da Hausa da Yarabanci da Ibo, akwai kuma ɓangaren horar da malamai. Makarantun firamare na gwamnatin Legas suna da nasu shirin, EKOEXCEL, wanda aka fara a 2019, inda ake ba malamai ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana. Makarantar kuɗi irin taku ba ta ciki, amma in kina da ƙawa a makarantar gwamnati, ki zauna da ita ki ga yadda ake yanka darasi gunduwa gunduwa, akwai abin koyo. Akwai kuma uLesson, kamfanin ɗan Najeriya Sim Shagaya, bidiyoyinsu suna da kyau kuma sun bi manhajar karatun ƙasar nan, sai dai na biya ne.

Na waje kuwa, Khan Academy ba shi da na biyu a lissafi, kuma kyauta ne. Amma shawarata ki fi amfani da shi don kanki: ki kalli yadda aka warware abu daki daki, sannan ki sake gina shi da muryarki da misalanki. PhET, na Jami'ar Colorado, yana da wasannin gwaji na lissafi da kimiyya inda yaro ke jan abu da yatsa ya ga sakamako, akwai masu kyau ƙwarai a kan rabi da sulusi da rubu'i. Don karatu da Hausa, African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library duk suna da ƙananan littattafan yara masu hotuna da Hausa, ana saukewa a buga a takarda ba tare da an karya doka ba. Ki karanta kowanne kafin ki ba yara, don wasu fassara ce kuma Hausar ba ta zauna daidai ba.

Duk abin da kika ɗauko, ki ɗora shi a kan jadawalin darussa na bai ɗaya da jihar Legas ke bi, ki ga ko ya dace da makon da kuke ciki. Manhajar karatu tana sauyawa, ko a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da gyararriya, abin da ke intanet kuma yakan daɗe ba a taɓa shi ba.

Akwai wani abu da nake so mai makarantarku ya ji sunansa, Kolibri. Manhaja ce ta kyauta da aka yi musamman don wuraren da babu intanet. Ana sanya ta a kwamfuta ɗaya, a sauke darussa sau ɗaya, su Khan Academy da PhET da African Storybook duk suna ciki, sannan wayoyi da sauran kwamfutoci su haɗu da ita a cikin makaranta ba tare da an ci data ba. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka daga Computer Village a Ikeja za ta iya ɗaukarta. In da gaske makaranta take son zamani, a nan ya kamata kuɗinta ya tafi. Kuma yana da wata fa'ida: tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara bin wannan hanya. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari da hannunsu ke rawa ranar jarrabawa don ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaran da babu babbar waya a gidansu fa? Su ne nake so ki fi sa wa ido, don in ba a yi hankali ba wannan shiri zai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, ya bar na baya a baya. Duk abin da kika tura ta waya, ki tabbata akwai shi a takarda ranar Juma'a. Bidiyon ana iya tura shi ta Xender ko Bluetooth zuwa wayar yaya ko maƙwabciya ba tare da data ba, ana iya sa shi a katin memori, ƙananan wayoyi da yawa suna kunna murya daga kati, talabijin da yawa kuma suna karanta filashi. Ki haɗa yara biyu ko uku na gida ɗaya ko layi ɗaya su riƙa kallo tare. Kuma kada maki na zango ya dogara da aikin waya.

Ajin islamiyya

A nan saƙon murya ya fi ko'ina amfani. Ki karanta ayoyin da aka biya yau a hankali, sau biyu, ki bar ɗan shiru bayan kowace aya don yaro ya maimaita. Shi kuma ya turo nasa karatun kafin darasi na gaba. Yaron da ke jin nauyin ɗaga murya a gaban aji sau da yawa yakan saki jiki in shi kaɗai ne da waya, sai ki ji kurakuran da hayaniyar aji ke ɓoyewa. Amma ki kula da abu ɗaya da na ga ya rikita yara: yawancin manhajojin Alƙur'ani da ke waya suna buɗewa ne da ruwayar Hafs, alhali yaron da ya fara karatun allo a Arewa kafin a kawo shi Legas mai yiwuwa da Warsh ya tashi. In ya ji ƙira'ar waya ta saɓa da abin da ya haddace, sai ya ɗauka shi ne ya yi kuskure, ko malaminsa na farko. Ki gaya wa iyaye ruwayar da kuke bi, ki zaɓa musu makaranci ɗaya.

Iyakar abin ke nan kuma. Mafitar haruffa sai an ga baki, alwala da sallah sai an tsaya a kan yaro, ladabi kuwa a zaune gaban malami ake ɗaukarsa. Waya tana taimaka wa tilawa da muraja'a, ba ta wuce nan ba.

Za ki ji ana cewa ki yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT ko Meta AI da ke cikin WhatsApp, ta rubuta miki darasi. Ina amfani da su wajen samo tambayoyin lissafi iri iri cikin sauri, kuma suna rage wahala. Amma kowace amsa sai na lissafa da hannuna, don na sha kama kuskure. Hausarsu takan fito da ƙamshin fassara. Aya da hadisi da hukuncin fiƙihu kuwa kada ki taɓa ɗauka daga gare su ki ba yara sai kin gani a littafi da idonki, don suna iya kawo abin da babu shi, da lafazi mai kama da gaskiya.

Amanar yara da haƙƙinki

Kada ki sa makin yaro ko kuskurensa a zauren da kowa ke gani, kada kuma hoton fuskar yara ya fita don tallar makaranta sai da yardar iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma ko ba doka, amana ce. Ki kuma gaya wa iyaye su zauna kusa in yaro yana riƙe da waya. In aka tura masa hanyar shiga YouTube, bidiyon darasi na ƙarewa wani zai biyo baya wanda ba ke kika zaɓa ba. Shi ya sa na fi son a tura fayil ɗin kansa.

Duk abin da na faɗa daga makarantun firamare da ƙananan sakandare na unguwanninmu na samo shi, inda kuɗi kaɗan ne kuma waya ta haɗin gwiwa ce. Makarantar da kowane yaro ke da kwamfutarsa a Lekki ko Ikoyi lissafinta daban ne. Kuma ko a cikin irin namu, ban taɓa ganin darasin waya ya ɗaga yaron da bai iya karatu ba tukuna. Wannan sai an zaunar da shi kusa, an bi da shi baƙi da wasali. Ke kika san su waye a ajinki.

Game da mai makaranta, ki je masa da takardar nan ta sunayen yara da wayoyinsu, cikin ladabi, ki nuna masa abin da zai yiwu. Ki nemi abu uku a fili: layin aiki, kuɗin data na wata wata, da awa ɗaya ko biyu a cikin lokacin aiki don shirya darasi, domin aiki ne aka ƙara miki, bai kamata ya fito daga albashinki da barcinki ba. Ki ce masa a gwada da aji ɗaya da fanni ɗaya na mako huɗu. A bayan littafin rajista ki ja layi huɗu, kowane mako ki sa alama a gaban yaron da ya dawo da aiki. In mako huɗun sun cika, Malama, ki rubuto mini yara nawa ne suka samu alama uku ko huɗu, su waye kuma ba su samu ko ɗaya ba, sai mu duba tare ko a ƙara aji na biyu ko a fara gyara na farkon. Allah ya yi jagora, ya sa albarka a cikin yaran.